Wusasa Ranar Talata

Wanda ya taso daga Kaduna zai shiga Zariya, kafin ya kai Kwangila zai iske mahaɗar Ɗan Magaji. Nan ake sauka in Wusasa za a. Masu keke da 'yan acaɓa na jere a bakin titi, kuma lokacin da na je naira 300 suka fara yanka mini, muka daidaita a kan 200. Tafiyar ba ta da nisa. Dutsen Kufena na tsaye can gaba, ko ta ina hanya ta karkata kana ganinsa. Galibin baƙi ranar Lahadi suke zuwa, su ga kwalliya, su ji waƙar coci da Hausa. Ni Talata na zaɓa, don in ga yadda masu waƙar nan ke wuni idan gari ya waye ranar neman abinci.

Tsohon cocin garin na fara nufa. Ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa, katanga mai kauri, da bakan gizo a ciki, wanda in ba don gicciye ba sai ka ɗauka zauren wani basarake ne. A 1929 aka gina shi, lokacin da aka fitar da mishan daga cikin birnin Zazzau zuwa bayan ganuwa. Tun 1905 Dakta Walter Miller na ƙungiyar CMS ta Ingila ya zauna a birnin yana ba da magani yana koyar da yara, shi ne kuma ya ja ragamar fassarar Littafi Mai Tsarki da aka buga da Hausa a 1932. Cikin iyalan farko na Wusasa akwai zuriyar Isawa, almajiran Malam Ibrahim na Kano, waɗanda suka zauna a Gimi har ciwon barci ya watsa su. Shi ya sa Hausar da za ka ji a nan ba ta koyo ba ce. Ta gado ce, da karin Zazzaganci.

An tashi daga addu'ar safe ke nan da na isa. Waɗanda suka fito ba su kai ashirin ba, yawancinsu tsofaffi, kowa na sauri. Mata uku ne suka rage suna shara, ɗaya na goge bencuna da tsumma. Na ce, "Sannunku da aiki, Mama." Babbarsu ta ce, "Yauwa ɗana, sannu da zuwa." Na tambaye ta ko biyansu ake yi. Ta yi dariya har ta dafa tsintsiya. 'Yan zumuntar mata ne, in ji ta, kuma layi ne, wannan makon ya faɗo kansu. Daga nan ita kasuwa za ta, tana sayar da daddawa da kuka. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba ta raba ayyukan biyu ba. A wurinta sharar ɗakin sujada da cika mudu ba tauyewa duk abu guda ne, Mai gani ɗaya ne ke kallo.

Ginin ƙasa ba ya yafe sakaci. Wani dattijo da ya zagaya da ni ya nuna mini inda damina ta ci, da inda aka sake yaɓe. Ya jero mini sunayen da garin ke alfahari da su, kamar yadda kowane ɗan Wusasa zai yi maka: Janar Yakubu Gowon, wanda ya tashi a nan mahaifinsa na aikin bishara, ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, Dakta Barau Dikko, likitan farko daga Arewa, Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Sunaye ne masu nauyi. Amma ina tsaye jikin katangar sai na ga ba su ne suka riƙe ta kusan shekara ɗari ba. Masu kwaɓa ƙasa ne, da masu ɗauko ruwa, waɗanda ba wanda ya rubuta sunansu.

Asibitin mishan na kusa, kuma nan ne cunkoson yake. Bencunan jira cike, mutum ya fi hamsin, mata masu goyo sun fi yawa, da dama da hijabi, wasu daga ƙauyukan kewaye, wasu daga cikin birni. A bakin ƙofa mai ƙosai na sayar da ɗaya naira 50, kofin kunu 200. Ban daɗe ba, don wurin marasa lafiya ba wurin kallo ba ne. Na dai ga wata ma'aikaciyar jinya ta durƙusa tana yi wa wata tsohuwa Bafulatana bayanin shan magani, ta maimaita, ta sake maimaitawa, ba ta ɗaga murya ba.

Inda na fi daɗewa rumfar wani kafinta ce a gefen hanya, kwano huɗu a kan turaku, da yara biyu masu koyo. Ba wuta tun jiya, saboda haka da zarto da sauran kayan hannu ake yi. Kujerar zaman tsakar gida naira 3,000 yake sayarwa, benci kuwa sai an ga irin katakon. Ya ce katako ya yi tsada har wani lokaci ribar ba ta wuce kuɗin cefane. Na ce to me ke sa shi fito da fara'a haka? Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce Yesu kansa a gidan masassaƙi ya tashi, kuma shekarun da ya yi yana riƙe da kayan aiki sun fi waɗanda ya yi yana koyarwa yawa nesa ba kusa ba. Manzo Bulus ma ɗinkin tanti ya riƙe don kada ya zama kaya a wuyan kowa. Sai ya kifa wata kujera ya nuna mini ƙarƙashinta, inda ba mai dubawa, a goge sumul kamar saman. Ɗaya daga cikin yaran Musulmi ne, ɗan maƙwabcinsa, kuma da azahar ta yi ya ajiye guduma ya tafi salla, maigidan ko ɗaga kai bai yi ba.

Wannan fahimta tana da tushe a koyarwar Kirista. A Littafin Farawa, an ba Adamu gona ya nome ta ya kiyaye ta tun kafin ya yi laifi. Ke nan aiki ba horo ba ne, wahalar da ta shigo cikinsa daga baya ita ce horon. Mai wannan ra'ayi ba ya jiran sai ya zama rabaran ko likita kafin ya ce Allah ya kira shi.

Sai dai maganar tana da wani gefe, kuma wata malamar makaranta ce ta buɗe mini shi, a wajen mai tuwo inda malmala biyu da miyar kuka da yankan nama ɗaya suka tashi naira 1,000. A wata ƙaramar makaranta mai zaman kanta take koyarwa, albashinta kuma ba ya kai ta tsakiyar wata. Tana son aikin, ta ce, ranar da yaro ya fara haɗa baƙi da wasali ya karanta sunansa ba abin da ya kai ta daɗi. Abin da ba ta so shi ne a ce mata ta yi haƙuri aikin Ubangiji ne, alhali mai faɗin hakan ya sauya mota. Ina ganin tana da gaskiya. Littafin da ya ce a yi aiki da zuciya ɗaya, shi ne kuma ya tsawata wa mai riƙe hakkin ɗan ƙodago, kuma bai kamata a karanta wa ma'aikaci rabin farko a ɓoye na biyun ba.

Da la'asar na bi hanyar gonaki wajen gindin Kufena. Masara da dawa ne galibi, da waken suya jefi-jefi, gidaje kuma na ta cin gonakin daga gefen gari. Na iske wani magidanci da 'ya'yansa suna ɗaure dami. Ma'aikacin gwamnati ne da ya yi ritaya, fansho kuma sai ya ga dama yake zuwa. Takin zamani ya gagare shi bana sai rabin abin da ya saba sawa, ya cike da na shanu. Duk da haka ya riga ya ware damin da zai kai coci ranar godiyar kaka, inda ake jera amfanin gona a gaban bagade, a yi gwanjonsa, kuɗin su shiga hidimar ikilisiya da taimakon gwauraye. Damuwarsa ɗaya ce: manyan 'ya'yansa suna Kaduna da Abuja, ƙananan nan ma da sun gama sakandare za su bi su. Ya ce ya fara tunanin ba da rabin gonar aro baɗi, in ya sami wanda zai riƙe ta da amana.