Zare a Hannun Hagu

Litinin, 27 ga Nuwamba
Hamburg. Yayyafi tun asuba. Magariba ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, la'asar na bin azahar a guje. Ulu ya iso, ruwan toka, giram 50 kowane dunƙule. Tsinken saƙa mai milimita 4. Umma ta ce watan da Auta za ta haihu farkon Janairu ne in Allah ya yarda, tsakiyar hunturun Zariya ke nan. Suwaita da hula. Kafaɗar dama ta fara ƙorafi tun ban yi nisa ba.

Talata, 28
Ɗakin wanki, ina jiran inji ya gama. Tsohuwar da ke bene na farko ta tsaya kaina tana kallo, sai dariya. Ta kwaikwayi hannuna: a saki tsinke, a ɗaga, a zagayo da zare, a dawo. Haka aka koya mana a sakandare, saƙar Ingila, zare a dama. Ta karɓa. Ta naɗa zaren a ƙaramin yatsan hagu, ta ɗora shi kan ɗan ali, tsinken dama ya shiga ƙulli ya ƙwaƙulo zaren ya fito. Gwiwar hannunta ko motsi. Layi guda kafin in gama gyara zama.
Jamusancina bai kai na tambaya ba. Ta nuna sama, ta nuna agogo. Alhamis.

Laraba, 29
Gwaji ni kaɗai. Zare na zamewa, ɗan ali ya miƙe sama ya sandare. Na warware.

Alhamis, 30
Ta hau da nata tsinken da gwangwanin biskit. Na sa mata Kaka, ta amsa.
Abin da na fahimta: ba saƙar bahagwai ba ce. Dama ce dai ke tuƙa tsinke, hagu aikinta riƙon zare da auna tsaurinsa. Nan wahalar take. In ya yi tsauri tsinke ya ƙi shiga, in ya yi sako-sako ƙulli ya buɗe baki. Ta yi ta danna ɗan alina ƙasa, kusa da bakin tsinke. Yatsan tsakiya kuma ya tokare ƙullin farko kada ya gudu.
Da za ta tafi ta ga hular kwarashi a kan kujera. Ta ɗaga ta, ta nuna hannuna na hagu, ta buɗe ido. Ashe!

Juma'a, 1 ga Disamba
Riƙon kwarashi ne sak. Tun ina yarinya hagu ke riƙe min zare, ban taɓa lissafa ta cikin masu aiki ba. Yau saƙar fuska ta tafi, layi bayan layi. Na ji daɗi har na manta miya a wuta, maigidan ne ya sauke.

Asabar, 2
Waya da Umma.
"Ke, da hagu? Kayan jariri?"
"Umma, in kina kwarashi wane hannu ke riƙe miki zare?"
Shiru. Can ta yi dariya ta ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na bushe, in gama wa mutane riga da hannun da na iya. Ƙafar Auta ta kumbura, an ce ta rage gishiri.

Litinin, 4
Saƙar baya. Wayyo.
Zare ya dawo gaban tsinke, dole ɗan ali ya sunkuyo ya tura shi ƙasa kafin a jawo. Yatsan ya ƙi. Da babban yatsa nake taimaka masa, shi ma a karkace. Layin fuska minti kaɗan, layin baya kamar jiran mota a tasha ranar da ba fasinja.

Talata, 5
Ban taɓa ba.

Laraba, 6
Yara a bene da takalma cike da alewa, ranar Nikolaus. Ni da waya a bargo ina karatu. Su ma Turawan sun sha rigimar dama da hagu. A ƙasashen masu Turanci saƙar Jamus ake kiran wannan salo, kuma lokacin yaƙin duniya na biyu mutane suka ja baya da shi saboda sunan. Elizabeth Zimmermann, haifaffiyar Ingila a 1910 da ta koma Amurka, na cikin waɗanda suka dawo masa da kasuwa. Littafinta Knitting Without Tears ya fito 1971. Ita ma ba ta ƙaunar saƙar baya. Rigar jariri da ta tsara a 1968 da saƙar fuska ake yin ta, ƙyalle ɗaya, a ninke, a ɗinke kafaɗu biyu, shi ke nan.
Zuciya na cewa bi wannan hanyar ki huta. Hula ma da tsinke mai igiya, zagaye kawai, babu juyawa, babu baya.
Sai dai bakin hannu da wuyan riga na son fuska ɗaya, baya ɗaya. Ba gudu.

Alhamis, 7
Kaka ta ɗaga saƙar ta kalli taga ta cikinta. Ƙullayen sun harɗe ƙafa, layi ɗaya lafiya, na gaba a murɗe. Dalili: a layin baya zaren na zagaya tsinke ta ɗaya gefen, wanda ya fi sauƙin kamowa, sai ƙulli ya zauna a juye. Magani biyu. Ko a gyara zagayen, ko a bar shi a riƙa shiga ta ƙafar baya a layi na gaba, ya warware kansa. Ta ce "Russisch", ta ɗaga kafaɗa. Wato akwai masu yin haka da gangan.
Ba ta sa na warware ba. Ni na ga ba zan iya kallonsa a jikin jariri ba.

Asabar, 9
Awo. Gwajin da na yi da dama: ƙulli 22 a santimita 10. Na hagu: 20. Ƙulli biyu kacal, amma a faɗin riga sai ta zama ta ɗan wata shida. Na sauka zuwa tsinke mai milimita 3.5. Ya dawo 22.
Kafaɗa shiru kwana biyun nan. Yanzu gindin ɗan alin hagu ke zafi.

Lahadi, 10
Babu wasiƙa. Na leƙa akwati ko da na san ba a rabo ran Lahadi.

Talata, 12
Salon mutanen Nowe: zare ya zauna a baya ko a saƙar baya, tsinke ne ke zagayawa ya ɗauko shi ya dawo. Motsi ya fi yawa, amma ɗan ali na hutawa. Ga bakin riga ya yi kyau, ba sai an yi ta kai zare gaba ana mai da shi ba. Ƙullayen sun ɗan saki. Kaka ta kalla, ta taɓe baki. Ba nasu ba ne.

Alhamis, 14
Ba ta hau ba. Na ƙwanƙwasa, shiru. Fitilarta a kashe.

Juma'a, 15
Bayan riga ya kammala. A ƙasa ana ganin inda hannu ke rawa, daga hammata zuwa sama ya daidaita. Ɗazu ina magana da maigidan na duba na ga na yi layi ban kalla ba. Da na lura sai ƙulli ya faɗi.
Wani mai tafiya gida ya ce ran 22 zai tashi, in kai masa saƙo ran 20. Saura gaba biyu, hannu biyu, hula.

Asabar, 16
Dare ya yi, ga gajiya, sai na ga zare ya koma dama da kansa. Na bar shi ya yi layi biyu. Da safe wurin ya fito, ɗan tsauri, siririn zobe a ƙirjin riga. Wanki zai ɓoye wani abu. Ba duka ba.

Lahadi, 17
'Yar Kaka a matakala da jaka. Asibiti, ƙugu. Ta ce da sauƙi. Na ba ta gwangwanin biskit ta mayar, na sa dabino a ciki.

Litinin, 18
Ƙarfe uku na dare, Umma. An tafi da Auta asibiti, ruwa ya fashe, saura kusan mako uku a lissafi. Ta ce in yi addu'a in kwanta. Kwanciya ina!
Na yi nafila. Na ɗauki hannun riga. Waya a cinya, caji 40.
In an sauka yau, rigar ta yi yawa, a naɗe hannu. Hula ce ta gaggawa: ƙulli 64, zagaye, fuska zalla. A ajiye hannun riga, a fara ta yanzu.