Ranar Harbin Kasko

Ran nan malaminmu na wasanni ya nuna mana wani wasa a wayarsa, wanda ake yi a gasar Olamfik. Wata na'ura ce take cilla ɗan faifai sama, mutum ya bi shi da bindiga ya tarwatsa shi kafin ya faɗo. Turawa suna kiran faifan nan tattabarar laka, don dā tattabaru masu rai ake saki, har an yi haka a gasar birnin Faris ta 1900. 'Yan ajinmu suka yi ta mamaki. Ni kuwa sai na ce ai mu ma muna da irinsa a ƙasar Gobir. Aka fashe da dariya, wai ƙaryar Bagobiri ta motsa. To, ga labarin, kowa ya karanta ya yi hukunci.

Garinmu ƙauye ne tsakanin Sabon Birni da Isa, kusa da fadama. Kakana maharbi ne. A hunturun farkon 2018, ina cikin shekarata ta tara, bayan an gama ɗaure dammunan gero, sai ya aika wa abokansa maharba na ƙauyukan kewaye su zo a gwada hannu. Ba biki ba ne, ba wanda ya yi shela, goro kawai aka raba. Da hantsi mutum wajen goma sha biyar suka hallara a wani fili bayan gari, inda akwai tudu a gaba, don kada harsashi ya wuce ya sami makiyayi. Mu yara kuwa mun fi su yawa.

Da baka aka fara. Aka kafa ƙwarya a kan sanda, aka ƙirga taki arba'in. Kafin kowa ya ɗana, Sarkin Baka ya bi kwari ɗaya ɗaya yana dubawa, don ranar ba a yarda da kibiya mai dafi ba. Tsofaffin nan da nake gani suna tafiya da kyar, da sun ja tsirkiya sai ka ga bayansu ya miƙe kamar na samari. Wanda ya huda ƙwarya, mai komo ya kaɗa masa take. Wanda ya kuskure kuwa ya sha ba'a, a ce da zomo ne da ya tsaya ya gaishe shi.

Sa'an nan aka koma kan adaka. Ku 'yan birni, adaka ba irin bindigar fim ba ce. Sai an zuba albarushi ta baki, a cusa tsumma, a danna da sandar ƙarfe, a zuba harsashi, a sake cusa tsumma a danna. Harbi ɗaya take yi, ta cika wuri da hayaƙi, sai kuma a sake ɗuri. Saboda haka mai adaka ba ya gaggawa. Wani saurayi ya gama ɗuri, ya juyo zai yi magana, bakin bindigarsa ya fuskanci inda muke zaune. Kaka bai ɗaga murya ba. Ya miƙa hannu ya karɓe ta, ya ce, “Ɗan nan, bindiga ba ta san ɗan'uwa ba. Koma ka zamna, yau ba ka harbi.” Saurayin ya girmi yayana, amma haka ya zauna cikinmu har aka tashi.

Abin da kowa yake jira shi ne harbin kasko. Tun kwana uku muke bin gidaje muna roƙon tsofaffin kasake da fasassun tukwane, har wata tsohuwa ta kore mu da muciya don mun ɗauki mai kyau. Wani ƙaƙƙarfa ya tsaya daga gefe, a bayan maharbi, ya wurga kasko sama iya ƙarfinsa. Mutum shida suka harba, kasko ya faɗo lafiya, ƙasa ce ta fasa shi. Da aka zo kan kawuna, ƙanen mahaifiyata, sai na ga bai auna kaskon ba, ya bi shi da bakin bindiga har ya kai ƙarshen hawansa, inda yake ɗan tsayawa kafin ya juyo. Nan ya taɓa kunama. Kai, jama'a! Kasko ya watse a sama kamar an watsa tsaba. Mata suka yi guɗa daga bakin gari. Ya yi haka sau biyu cikin uku, aka ba shi zakara da ƙwaryar goro.

Da la'asar Kaka ya ba ni ƙaramin baka ya ce in gwada. Kibiyata ko rabin hanya ba ta kai ba, tsirkiya kuma ta ɗaye mini hannu. Na so in yi kuka. Kawu ya tsinto guntun kaskon da ya fasa ya sa mini a aljihu, ya ce, “Aje wanga. Baɗi kai za ka jefa, ni in harba.”

Ba a sake taruwa ba. Kun san abin da ya sami ƙasarmu. A watan Mayu na 2020 'yan bindiga suka kashe mutane masu yawa a ƙauyukan Sabon Birni. A Disamba 2021 aka ƙone matafiya cikin mota a hanyar Sabon Birni zuwa Isa. Wasu danginmu sun tsallaka jihar Maraɗi, mu kuma muka koma Sakkwato. Kawu ya ƙi tashi. Yana cikin waɗanda suka tsaya gadin gari da adakar nan mai harbi ɗaya, a gaban masu bindigar da ke zubo talatin. Wani dare suka fita, da safe aka kawo shi.

Yanzu ko tayar babur ce ta fashe a bayan makaranta, sai ka ga mu 'yan gabashin Sakkwato mun riga kowa kwanciya ƙasa, sauran suna dariya. Kaka yana nan da ransa, amma ya bar maganar harbi. Guntun kaskon kuwa yana cikin akwatina a ɗakin kwana, naɗe da tsumma. Waɗanda suka ce ƙarya nake yi, su zo bayan sallar isha'i in nuna musu.