Tambarin da ke ƙarƙashin bututu: ziyara a Tamale

Daga Kumasi muka ɗauki hanyar arewa, ta Techiman da Kintampo. Muka ƙetare Baƙin Volta a Buipe, Farin Volta kuma a Yapei, daji yana ta raguwa har itatuwan kaɗanya suka karɓe fili. La'asar sakaliya muka shiga Tamale, babura ta ko'ina, mata da maza kowa na tuƙa nasa. Na sauka a Zangon Hausawa, aka tarye ni da tuwo mai zafi.

Tsofaffin bindigogi masu baki biyu suka kai ni. A ƙasar Dagomba bindiga kayan al'ada ce: mayaƙan Kambonsi na harba ta toka a bikin Damba da jana'izar manya. Sai dai galibinsu masu baki ɗaya ne. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani wannan yanki, ta bar mutane da na ɗuri. Shi ya sa mai baki biyu ta zama abin tinƙaho a gidan da ya mallake ta.

Washegari aka raka ni wajen wani tsohon maharbi a bayan kasuwar Aboabo. Ya fito da tasa naɗe cikin tsumma. Ya ce, "Ɗana, wannan ta ga yaƙin Adibo." Yana nufin karon da Dagomba suka yi da Jamusawa kusa da Yendi a 1896.

Na ce, "Baba, a ba ni izini in kwance ta."

Ƙota ba ta ba da shaida, domin masassaƙan gari sun sha sauya ta. Ƙarfe ake tambaya. Idan aka cire katakon gaba aka ɗage bututun, a ƙarƙashinsa ake ganin tambarin gidan gwajin bindigogi. Birmingham ta Ingila ta kafa nata a 1813. Bindigar Ingila mai rubutun NOT FOR BALL, tsakanin 1875 da 1887 aka gwada ta. Ta Liège a Beljiyam tana ɗauke da haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai, in da kambi a bisa, to daga 1893 ne zuwa gaba. Wadda ba ta da 'yan guduma a waje kuwa, da wuya ta girmi 1875, shekarar da Anson da Deeley suka fito da tasu ƙirar irin wannan.

A ta Baba mun ga takubba biyu a gicciye da harafi tsakani, alamar shekara da Birmingham ta soma bugawa a 1921. Wato ko kusa ba ta ga Adibo ba. Tsoho ya yi shiru, can ya yi dariya ya ce, "To, kakan ne ya je, ita ta gaji sunan."

Gaskiyarsa. Tambari yana faɗin lokacin gwaji kawai. Wanda ya kawo ta Tamale, da hannayen da ta bi, sai a bakin masu gida. Mai bincike da ya riƙe ɗaya ya saki ɗaya, rabin tarihi ya samu. Kafin in kama hanyar Yendi na roƙe shi abu biyu: ya sa jikokinsa su rubuta abin da ya sani, kuma kada a sa mata harsashi sai maƙerin da ya san aikin ya duba ta.