Moorea: Tsibirin Dodon Koɗin da Ke Haihuwa

Uwargida, idan Allah Ya kai ki birnin Papeete na tsibirin Tahiti, a tsakiyar tekun Fasifik, ki hau jirgin ruwa ki nufi yamma. Cikin kamar rabin awa za ki sauka a Moorea, tsibirin da ke ƙarƙashin ikon Faransa. Tun daga cikin ruwa za ki hango duwatsu masu tsini, lulluɓe da kore shar. Mafi tsayinsu, Tohiea, ya kai mita 1,207. A gindinsu gonakin abarba ne jere, ga kwarin Opunohu mai inuwa da danshi.

Baƙi suna zuwa don farin yashi da shuɗin ruwa. Amma ke ki shiga kurmi, ki ɗaga ganye ki duba bayansa. Nan ne gidan wani ɗan dodon koɗi da ake kira Partula, wanda bai wuce girman farcen babban yatsanki ba. Da rana yana lafe, da dare ya fito ya kankari ruɓaɓɓen ganye da fumfunar da ke jikin tsirrai.

Abin da zai ba ki mamaki shi ne, ba ya saka ƙwai kamar yawancin danginsa. Haihuwa yake yi. Ɗan yana fitowa da ɗan ƙoƙonsa a baya, galibi ɗaya bayan ɗaya, kuma 'yan kaɗan ne a shekara. Kowannensu yana ɗauke da halittar namiji da ta mace. A da, matan waɗannan tsibirai sukan huda ƙoƙon su shirya sarƙar wuya da kayan kwalliyar biki.

To me ya faru? A 1967 aka kawo ƙaton dodon koɗin Gabashin Afirka zuwa Tahiti don ci, ɗan'uwan wanda ake sayarwa a kasuwannin kudancin Najeriya. Ya kuɓuce, ya bazu har Moorea, ya shiga cin amfanin gona. Sai a 1977 aka saki wani dodon koɗi mai cin nama, ɗan asalin Florida ta Amurka, don ya gama da shi. Maharbin nan yana bin sawun yauƙin abin farautarsa. Sai ya ƙyale ƙaton, ya juya kan ƙanana, masu sauƙin haɗiya. Garin neman gira aka rasa ido. Cikin shekara goma, kusan duk nau'o'in Partula na Moorea suka ɓace daga dajin. Mai haihuwa ɗaya-ɗaya ina zai iya da irin wannan ɓarna?

Sa'ar da aka yi, masana sun tsince ragowar kafin su ƙare, suka kai su gidajen namun daji na Turai da Amurka, aka yi ta renon su cikin akwatunan gilashi. Ba duka suka tsira ba. Na ƙarshe a nau'in Partula turgida ya mutu a gidan namun daji na Landan ranar 1 ga Janairu, 1996.

Tun 2015 ake mayar da su tsibiransu, kowanne da ɗigon fenti a ƙoƙonsa, mai ƙyalli idan aka haska shi da wata tocila ta musamman. A 2024 aka ga 'yan nau'in Partula tohiveana a dajin Moorea ba fenti a jikinsu. Ma'ana, a can aka haife su, bayan kusan shekara 40.

Ki ba yara wannan labarin yau da dare. Kuma idan ɓera ko ƙwari suka dame ki, aka kawo miki sabon magani, ki fara tambaya: ban da su, wa kuma zai kashe a gidan nan?