Ina kuɗin kwalba ya tafi?

Lokacin da nake yaro a Maradi, in baƙi suka zo, Inna takan aike ni sayen lemu. Mai shago ba ya sakin kwalba haka kawai: ko ka zo da fanko, ko ka ajiye kuɗi, in ka maido ya ba ka abinka. Konsinye muke ce masa. Ran da na fasa ɗaya a hanya, na sha faɗa har na rasa abin cewa. Ba ɗan sanda, ba tara, amma ban taɓa ganin kwalba a cikin kwata ba.

Hutun da ya wuce na tambayi ƙanena mene ne konsinye. Ya ce: "Yaya, magani ne?" Na yi dariya, daga baya abin ya dame ni. Kalma ba ta ɓacewa sai abin da take kira ya riga ta tafiya. Gorar roba da ledar piyawata suka ture kwalba, kuma ba wanda ke jiran a maido masa su.

Wasu wurare da suka ga haka, sai doka ta bi sawun gorar. Jihar Oregon ta Amurka ta kafa dokar ajiyar kuɗi a 1971, santi 5 kan kwalba ko gwangwani. A 2009 aka haɗa da gorar ruwa. Da mutane suka rage maidowa, a 2017 aka mai da kuɗin santi 10. A Jamus, tun 2003 ake karɓar ajiya kan gorar da ake sha a yar.

Mu a Nijar hani muka zaɓa. Dokar Nuwamba 2014 ta haramta leda maras kauri. To, ku leƙa kwata da damina ku gaya mini.

Ku lura da wani abu. Gorar roba ba ta daɗewa a ƙasa, don yara na tsinta su sayar wa masu zoɓo da kunun aya. Leda kuwa ba mai saye, sai iska da akuya. Akuyar Inna da aka yanka bara, leda aka tarar cunkus a tumbinta.

Ni dai a ganina ba halinmu ne ya lalace ba, kuɗin ne aka cire. A ɗora ko dala guda kan kowace leda, mu ga ko za ta kwana a titi.