Isnadin Masu Rubuta Manhaja

 

'Yan uwa, duk wanda ya karanta Musɗalahul Hadisi ya san tambayar farko da ake yi wa kowane labari: wa ya faɗa, daga wa ya ji? Masu rubuta manhajar kwamfuta ma sun wayi gari da wannan tambaya a gabansu.

A shekarar 2005 Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git domin adana tarihin gyare-gyaren Linux, wanda dubban mutane ke sa wa hannu. Kowane gyara yana ɗauke da suna biyu: wanda ya rubuta shi, da wanda ya shigar da shi cikin kundi, kowanne da imel da lokaci. Wannan rarrabewa ta burge ni, domin ita nake nanata wa ɗalibaina a Islamiyya: mai magana daban, mai ruwaya daban. Tun 2004 ma, bayan rigimar shari'ar kamfanin SCO, masu Linux suka wajabta wa duk wanda gyara ya bi ta hannunsa ya rattaba sunansa a ƙasa. Ga silsila ke nan.

Sai dai sunan da Git ke rubutawa da'awa ce kawai. Mutum shi ke gaya wa na'urarsa sunansa, kuma babu abin da zai hana shi ya sa na wani. Shi ya sa a 2012 aka ƙara damar hatimce gyara da mabuɗin sirri. To amma hatimi me yake tabbatarwa? Cewa mai mabuɗin nan ne ya yi, shi ke nan.

Dubi abin da ya faru da manhajar XZ. Wani mai kiran kansa Jia Tan ya shafe kimanin shekara biyu yana kawo gyare-gyare masu amfani, har mai kula da ita, Lasse Collin, wanda aiki ya yi wa yawa, ya amince masa. A watan Maris 2024 Andres Freund ya lura shiga na'urarsa daga nesa ya ƙara jinkirin kamar rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu sai ya tarar da ɓoyayyiyar ƙofa da aka dasa. Sunan Jia Tan na nan a rubuce, bai canza ba. Irinsa malamanmu ke kira masturi: zahirinsa lafiya lau, baɗininsa babu wanda ya bincika.

Wasu na ganin maganin shi ne a tilasta wa kowa sunansa na fasfo. Ni ban gamsu ba. A'amash laƙabi ne, sunansa Sulaimanu ɗan Mihran, kuma Bukhari da Muslim sun karɓi ruwayarsa, domin malaman Jarhi da Ta'adili sun san shi, sun auna haddarsa da ta abokansa. Git ma yana da fayil na haɗa sunayen mutum guda wuri ɗaya, aikin da Khaɗibul Bagadadi ya wallafa littafi a kansa. Abin da nake so kundin ya riƙa adanawa tilas, tare da marubuci da mai shigarwa, shi ne sunan wanda ya karanta gyaran layi-layi ya ce ya yarda da shi, kuma kada ya zama shi ne marubucin.

Wallahu a'alam.