Kwana Biyu a Tsaunin Mambila Cikin A-kori-kura Mai Batir

Duk wanda ya iya tuƙa mota a kan kwalta gani yake ya gama iya tuƙi, sai ranar da kwalta ta ƙare a gabansa ya san akwai wani aji a gaba. Mu huɗu muka shiga wannan ajin a ƙarshen daminar bara, dukkanmu jikokin gida ɗaya, ba mu daɗe da gama sakandare ba. Yayanmu ne kaɗai ya wuce shekara 18 ya karɓi lasisi, don haka shi ne ɗalibin sitiyari. Malaminmu kuwa Kawu ne, wanda aikin haƙa rijiyar burtsatse ya kai shi lunguna da yawa.

Motar da Kawu ya zo da ita a-kori-kura ce mai jan taya huɗu, irin wadda ke haɗa fetur da lantarki. Tana da injin fetur kamar kowace mota, sannan tana da injin lantarki da babban batir. Ba a jona ta da wuta. Injin fetur ne ke cika batirin, haka kuma duk lokacin da aka rage gudu, tayoyi kan juya injin lantarkin ya mayar da ƙarfin gudun ya zama caji. Wannan fasaha ta shiga kasuwa sosai a 1997, lokacin da Toyota ta fitar da Prius a Japan, daga baya ta iso kan manyan motocin ɗaukar kaya.

Daga Jalingo muka bi ta Bali da Serti, muka fara hawan tsauni a Mayo Selbe. Hanyar kwana ce bayan kwana, dutse a gefe ɗaya, kwari a ɗaya gefen, saboda haka Kawu ne ya tuƙa. Saman Mambila ya kai kimanin mita 1,600, kuma iska kan yi sanyi da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000 da aka hau. Kafin mu isa Nguroje kowa ya ciro rigar sanyi.

Bayan Nguroje muka sauka daga kwalta, Kawu ya miƙa wa Yaya makulli. Abu na farko da ya sa mu yi shi ne rage iskar tayoyi. Idan taya ta ɗan yi laushi, faɗin da take taka ƙasa da shi yakan ƙaru, nauyin mota ya bazu, sai ta rage nutsewa a taɓo. Lissafin matsi ne da muka haddace a ajin fiziks, ga shi a gaban idonmu. Sai dai dole a mayar da iskar kafin a koma kwalta, shi ya sa muka riƙo famfo, tare da shebur da igiyar ja da katakon da ake ɗora jak a kai.

Daga nan Yaya ya sa ƙaramar giya, muka riƙa tafiya kamar ta mai ƙafa. Injin lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga tsaye, don haka motar kan hau tudu ba tare da an taka totur da ƙarfi ba. Wani lokaci injin fetur kan yi shiru ɗungum, har garken shanu ba sa jin zuwanmu, sai ɗayanmu ya sauka ya yi wa makiyayi sallama. A gangara mai tsawo Kawu ya nuna mana wani abu: idan batir ya cika, injin lantarki yakan daina riƙe motar, nauyi ya koma kan birki, birki kuwa idan ya yi zafi yakan saki. Maganin shi ne a bar giya a ƙasa, injin fetur ya taya riƙewa.

Da la'asar muka iso wani rafi. Tudun da muka yi doguwar tafiya dominsa yana tsallake, muna hango shi. Kawu ya ɗauko sanda wadda tun daga gida ya yi wa alama daidai zurfin ruwan da littafin motar ya ce tana iya shiga. Ya naɗe wando ya shiga, ruwa ya rufe alamar.

Yaya ya ce, "Kawu, da yatsa huɗu kawai ya wuce. Motar ai tana da ƙarfi."

Kawu ya ce, "Ɗana, ƙarfi ba ya hana inji shan ruwa. In ya sha, nan za mu bar ta, kuma makaniken da ya san irin wannan motar ba a nan kusa yake ba."

Wani dattijo makiyayi yana zaune yana kallonmu. Muka gaishe shi muka ce, "Baffa, haka ruwan nan yake kullum?" Ya ce an yi ruwa a saman tudu jiya da dare, in muka haƙura zuwa safe zai janye. Shi ne ya raka mu wurin ardo muka nemi izinin kwana, aka nuna mana wani fili nesa da bakin rafin.

Da dare motar ta zama janaretonmu. A bayanta akwai soket, muka jona fitila muka yi cajin waya. Amma Kawu ya sa muka kafa tanti nesa da ita, ta inda iska ba za ta kawo mana hayaƙi ba. Idan caji ya yi ƙasa, injin fetur kan tashi da kansa, kuma hayaƙin salansa yana ɗauke da wata guba marar wari marar launi da ke kashe mai barci. Ya kuma hana mu taɓa duk wayar da ke da launin lemo, domin ita ke ɗauke da wuta mai ƙarfi. Shinkafarmu ta daɗe a kan risho, saboda a wannan tsayin ruwa kan tafasa a wajen digiri 95, ba 100 ba.

Da gari ya waye ruwa ya sauka ƙasa da alamar da kusan taƙi guda. Yaya ya tsallaka a hankali, bai tsaya ba, bai kuma ƙara gudu ba. Muka hau tudun muna bin sawun da ke akwai, domin ciyawar gefe abincin shanun mutane ce. Sharar da muka tara kuwa a buhu muka dawo da ita.

'Yan uwa ɗalibai, yawancinku da sauran shekaru kafin ku riƙe sitiyari, amma rabin aikin wannan tafiyar ba a kan sitiyari aka yi shi ba. Auna ruwa, karanta littafin mota, tambayar mutanen wuri da sanin inda iska ke kaɗawa duk abubuwa ne da ɗan aji huɗu zai iya. Babin matsi da na zafi da ke cikin littafinku na fiziks su muka yi aiki da su a bakin taɓo da gaban risho, don haka ku karanta su da kyau tun yanzu.